Yadda ake haɗa sos ɗin sitiroberi a gida na zubawa kan askirim, kek da yogot

Assalamu alaikum uwargida da amarya, har ma da 'yan mata masu son kicin. Tunda sanyi ya shigo sitiroberin Jos ya fara fitowa nace bari mu yi maganar jan sos ɗin nan da ake yaryaɗawa akan askirim da kek a wuraren saida kayan maƙulashe, wanda da yawanmu mun ɗauka sai dai a siyo na roba a kanti. Na robar nan in kika juya bayanshi kika karanta, da yawa daga ciki suga ne da kala da filebo, shi yasa zaki sha ki ji zaƙi kawai ya tsaya miki a maƙoshi. Na gida kuwa abu huɗu ne kacal, kuma in kin cire lokacin jiƙo ko minti 20 bazaki yi a tsaye gaban wuta ba.

Kafin mu shiga kicin bari mu fara daga kasuwa, dan rabin aikin a can ake yinshi. Sitiroberin da muke samu ɗanye a Arewa galibi daga Filato yake zuwa, irin su Chaha da ke wajen Vom a Jos ta Kudu, saboda shi abin sanyi ne, su kuma can suna kan tudu sama da mita 1,200. Lokacinshi daga wajen Disamba ne zuwa Maris, wani lokacin ya ɗan taɓa Afrilu, a nan ne yake araha kuma yake da daɗi, kinga a 'yan shekarun nan ma azumi yana faɗowa cikin lokacin, sai ya zama abin ƙawata buɗa baki. In kinje siya kada girma ya ruɗe ki, manyan nan masu kyan gani sau da yawa cikinsu fari ne ba ɗanɗano. Ki nemi wanda yayi ja har wuya, wato har ƙarƙashin ganyen, sannan ki buɗe robar ki shinshina, in baki ji ƙamshi ba toh a tukunya ma bazai yi ba. Kuma shi ba a ajiye shi ya ƙarasa nuna a gida yadda ake ma mangwaro ko ayaba, yadda aka tsinko shi haka zaƙinshi zai tsaya, sai dai ya yi laushi ya ruɓe. Ki juya robar ki leƙa ƙasanta, nan ake ɓoye waɗanda suka mutu.

Amma ga inda ribar take. Sos baya buƙatar masu kyau. Waɗanda suka ɗan yi laushi, suka daku a hanya, mai saidawa yana neman yadda zai rabu dasu kafin gobe, su ma suna yi sosai, kuma in kin iya ciniki zaki same su da rangwame sosai. Abinda ba a ɗauka shi ne wanda ya fara furfura, wannan farin gashi-gashin ko toka-toka, ko wanda yake warin tsami kamar ya fara gumi. Wannan ki jefar dashi gaba ɗaya kada ki ce zaki yanke gefen, abu mai laushi irin wannan fumfunar tana shiga ciki fiye da inda ido ke gani.

Awo. Zan yi miki lissafi akan rabin kilo, giram 500, in baki da sikeli kusan kofi uku ne zuwa uku da rabi bayan kin yanka. Suga cokali 6 babba, wato wajen giram 75, kusan rabin gwangwanin madara kenan. Ruwan lemon tsami cokali ɗaya babba, amma in irin ƙananan namu ne masu kaifi ki fara da rabin cokali. Sai gishiri ɗan mitsitsi wanda zaki ɗebo da yatsu biyu. Shikenan. Kon fulawa ƙaramin cokali biyu da filebon banila ba dole bane, zan faɗi inda suke shiga in kina so. Maganar suga kuma ba ƙa'ida bace, ki ɗauki ɗaya ki ci tukunna, in mai tsami ne ki kai cokali 8, in mai zaƙi ne cokali 4 ma ya isa. Ni dai na fi son a fara da kaɗan, dan ƙarawa a ƙarshe babu wuya amma in yayi yawa sai dai ki ƙaro wani sitiroberin.

Tukunya ma akwai magana. Kada kiyi a tukunyar dalma ko ta alminiyon ɗin nan mara shafe, tsamin da ke cikin sitiroberi da lemon yana cin jikinta sai kalar ta dushe ta koma wani ja-ja mai duhu, har ki ɗan ji ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ki nemi ta silba mara tsatsa, wato sitenles, ko nonstik, kuma mai faɗi ta fi mai zurfi saboda ruwan ya fi saurin ƙonewa, in ya ƙone da wuri kuma kin tsira da kalarki da ƙamshinki. Sannan dan Allah a wanke ta tas, cokalin katakon ma kada ya zama wanda aka juya miyar kuka ko aka soya albasa dashi jiya, katako yana riƙe wari, sos ɗin kuma komai ya samu ɗauka yake.

Toh yanzu wanki. Ba a wanke sitiroberi sai lokacin da za a yi aiki dashi, in kika wanke kika ajiye kafin gobe ya lalace. Ki zuba shi a roba da ruwa mai sanyi da ganyenshi da komai, kada ki cire kan tukunna, in kin cire ruwa zai shiga cikinshi ya salamce. Ki ɗan jujjuya da hannu a hankali ƙasar ta kwanta, dan a ƙasa-ƙasa yake fitowa yana kwaso yashi, sai ki tsame shi da hannu ki maida wani ruwan, kamar sau biyu ko uku har ki ga ƙasan robar ba yashi. Tsamewa nace ba tsiyayewa ba, in kika juye a kwando da ruwan yashin ya sake komawa kanshi. Masu son ƙarin tsafta suna zuba farin binega kofi ɗaya a ruwa kofi uku su jiƙa na minti biyar su ɗauraye, ba laifi. Ki baza akan tsumma mai tsafta ya tsane.

Sai ki cire ganyen da ɗan farin wuyan nan mai tauri, da bakin ƙaramar wuƙa ko ma da bakin ƙaramin cokali, kada ki sare kan gaba ɗaya kiyi asara. Ƙanana ki raba biyu, manya ki raba huɗu. Ba sai sun yi kyau ba tunda narkewa zasu yi. Ki ware kamar cikin tafin hannu ɗaya ki yanka ƙanana ki ajiye gefe, zamu dawo kansu.

Ga matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne sirrin abin gaba ɗaya. Ki zuba yankakken sitiroberin a tukunyar, ki barbaɗa suga da gishirin, ki juya, ki rufe ki tafi ki yi wani aikin na minti 20 zuwa 30. Kada ki kunna wuta, kada ki zuba ruwa ko ɗigo. Shi sitiroberi kusan kashi 90 cikin 100 na jikinshi ruwa ne, suga yana janyo ruwan nan waje da kanshi, in kika dawo kika buɗe zaki tarar suna iyo cikin jan ruwa mai sheƙi. Da wannan ruwan zaki dafa. Matsalar masu zuba ruwa ita ce sai sun daɗe suna tafasawa kafin ruwan da suka zuba ya ƙone, kafin nan ƙamshin ya bi iska kalar ta koma ruwan ƙasa, daga baya a zo ana neman kala da filebo a gyara. In kina sauri ne ƙwarai baki da lokacin jira toh ki zuba ruwa cokali biyu kawai dan kada ya kama kafin ya saki nashi, amma gaskiya jiran ya fi.

Ki ɗora a wuta matsakaiciya, tukunya a buɗe, kina juyawa har sugan ya gama narkewa ya fara tafasa. Da ya tafaso ki rage wuta ya dinga ɓararraka a hankali. In gawayi ne ko kurfoti ki rage garwashin tun kafin ki ɗora, in risho ne ki tabbata baya hayaƙi dan warin kalanzir yana shiga. Zaki ga wani kumfa mai ruwan hoda yana tasowa sama, har yana neman ya zubo in tukunyar ƙarama ce, ki sa cokali ki dinga kwashewa kina zubawa a kofi. Ba wani abin cutarwa bane, yara ma shanyewa suke, kawai dai in kin barshi sos ɗin baya yin garau. Kada ki rufe tukunya, kada kuma ki tafi ɗaga waya, abu mai suga minti ɗaya ya isa ya kama, in ya kama kuwa ƙaurin baya fita.

Bayan kamar minti 6 zuwa 8 zaki ga sun yi laushi sun saki jiki, sai ki sa bayan cokali ko ludayi ki dinga danna wasu a jikin tukunyar, kamar rabi, ki bar rabi da gudajinsu. Wanda kika murƙushe shi zai ba sos ɗin jiki, wanda kika bari shi za a dinga tauna a ji cewa lallai da 'ya'yan itace aka yi. Ki barshi ya ci gaba har ya cika minti 12 zuwa 15 daga lokacin da ya tafaso. Kada ya wuce haka sosai, in kika kai minti 25 ko 30 kin tashi daga sos kin koma jam, shi ma abu ne mai daɗi amma na shafa wa burodi ne, bazai gangara akan askirim ba.

Yadda zaki gane yayi, ki tsoma cokali ki ɗago ki juya bayanshi, ki ja layi da yatsa a hankali dan da zafi, in layin ya tsaya bai haɗe nan take ba toh yayi. Ko ki sa faranti a firij tun farko, ki ɗiga kaɗan a kai ki karkata, in yana gangarowa a hankali kamar zuma mai ɗan ruwa shikenan. Abinda nake so ki riƙe shi ne a wuta kullum zai yi miki kamar yayi ruwa, sai ya huce yake kama jikinshi, in ya kwana a firij ma ya ƙara. Dan haka ki sauke tun kina ganin kamar da saura.

Maganar kon fulawa. Sitiroberi bashi da yawan sinadarin nan da ke sa 'ya'yan itace su daskare in an dafa, shi yasa wani lokacin in mai ruwa kika samu sai ki ga ya ƙi kauri. Anan sai ki dama kon fulawa ƙaramin cokali biyu da ruwan sanyi babban cokali biyu a kofi har ya zama ba gudaji, ki zuba rabi a tukunyar kina juyawa, ki bari ya tafasa minti ɗaya zuwa biyu ki gani, in bai isa ba ki ƙara sauran. Kada ki taɓa barbaɗa garin kai tsaye cikin abu mai zafi, ƙulalai zai yi miki da bazasu narke ba, kuma dole ya tafasa bayan kin zuba in ba haka ba zaki ji garin-garin a harshe kuma sos ɗin yayi fari-fari. Ni ra'ayina in na askirim ne ko yogot ba sai an sa ba, ya fi daɗi haka nan. In kuma na saman kek ne ko cizkek, wato kek ɗin cuku, da ake so ya zauna inda aka zuba shi kada ya gangare ya ɓata kwali, toh nan kam a sa. Kada ki sa garin kastad a madadinshi, kalar ɗorawar da ke ciki zata ɓata miki jan, fulawa kuma ko kusa.

Da kin kashe wuta sai ki zuba lemon tsamin. Mutane suna tambaya me yasa za a ƙara tsami akan abu mai tsami, amsar ita ce shi yake tada ɗanɗanon, ya hana zaƙin ya gundure ki, kuma jan da ke jikin sitiroberi ya fi fitowa fes in akwai tsami, da idonki zaki ga kalar ta washe kina zubawa. Ki tace 'ya'yan lemon kada su faɗa dan ɗaci. In zaki sa banila rabin ƙaramin cokali ya isa, shi ma bayan an sauke. Filebon sitiroberi kuwa dan Allah a barshi, shi ne yake maida abin kamar maganin tarin yara. Sai ki ɗauko waɗancan ɗanyun da kika ware ki zuba ki juya, zafin tukunyar zai ɗan laushe su amma bazai kashe ƙamshin ɗanyen ba, wannan ɗan abin shi yake sa a tambaye ki ina kika siyo. Ki ɗanɗana, in yana son suga ki ƙara yanzu yana da zafi zai narke.

In kuma mai santsi kike so ba gudaji, irin wanda ake zane dashi a faranti ko a zuba a robar matsawa, toh ki barshi ya huce sosai tukunna kafin ki zuba a bilenda, abu mai zafi a bilenda yana tura murfi ya fallatsar miki a fuska. Ki markaɗa kaɗan, ki tace da rariya mai laushi kina dannawa da cokali dan ƙananan 'ya'yan su fita. Zai ɗan yi haske saboda iskar da bilenda ta shigar, in ya zauna zai dawo. Abinda ya rage a rariyar kada ki zubar, ki juya shi cikin yogot.

Ajiya ita ce inda wutar NEPA take shigowa cikin maganar. Wannan sos ɗin suganshi bai kai na jam ba dan haka baya zama a waje, kada ki ga kamar tunda an dafa zai yi sati akan kanta, a zafin nan namu wuni ɗaya ya isa ya fara tashi. Ki samu kwalba mai murfi, irin ta bama ko ta jam da ta ƙare, ki wanke ki zuba mata tafasasshen ruwa har murfin, ki kife ta bushe da kanta, in ya huce ki juye ki rufe ki sa a firij. In firij ɗin yana samun wuta yadda ya kamata zai yi kwana 5 zuwa 7. In unguwarku irin wadda ake kawo wuta awa uku a ɗauke ce, kiyi daidai wanda za a shanye yau da gobe kawai. Kullum da busasshen cokali mai tsafta za a ɗiba, kuma in kika buɗe kika ji ya yi tsss ko kika ga kumfa ko furfura a sama, ya tafi, a zubar. Firiza kuma yana kai wata uku lafiya lau, ki zuba a robar ƙanƙara mai gida-gida in ya daskare ki juye a leda ki ɗaure, duk sanda kike so ki ɗauki biyu ko uku. Sai dai wanda za a daskarar kada a sa mishi kon fulawa, in ya narke rabuwa yake yi ruwa gefe guda, gara ki daskarar haka in kin tashi amfani ki ɗumama ki sa a lokacin.

Da lokacin ya wuce kuma akwai daskararre na leda da ake samu a manyan kantuna, yana yi sosai, kawai ki zuba shi a tukunya da ƙanƙararshi da sugan ki barshi ya narke a ciki, kada ki zubar da ruwan da ya fito dan nan daɗin yake, kuma ki ƙara mishi kamar minti biyar a wuta tunda ya fi ruwa. In kuma kin yi rashin sa'a kin samu farare-fararen nan da basu nuna sosai ba har sos ɗin ya fito fayau, maimakon kala ki jiƙa zoɓo ɗan kaɗan a ruwan zafi yayi kauri ki tace ki zuba cokali ɗaya ko biyu, zai ba shi ja mai kyau, amma sai ki rage lemon dan shi ma zoɓon da tsaminshi. Mai son ɗan yaji-yaji ta jefa yankan ɗanyar citta ɗaya lokacin dahuwa ta cire kafin ta sauke. Zuma ma tana shiga a madadin suga, cokali 4, sai dai tana danne ƙamshin kaɗan, kuma a tuna ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma.

Wajen ci kuma, akan askirim ɗin banila ki zuba shi da ɗan ɗuminshi, wallahi wannan haɗin zafi da sanyin ba a magana. Akan kek sai ya huce gaba ɗaya, in ba haka ba zai narkar da kirim ɗin, kuma in soso kek ne mara komai ki huda saman da tsinken sakace ki zuba ya tsuma. Yana tafiya da fankek, da wainar fulawa mara yaji mara albasa, da fanke, da kastad mai sanyi, da kindirmo ko yogot mara suga, wanda in kin zuba ma ba sai kin ƙara suga ba. Masu saida yogot a kofi hawa-hawa ku fara zuba sos ɗin a ƙasa sannan yogot a hankali ta jikin kofin dan kada su cakuɗe. Abu ɗaya dai kada ki zuba shi cikin madara mai zafi ko shayi, tsamin zai tsinka madarar nan take, in madarar sitiroberi kike so wa yara sai ki sa madarar tayi sanyi ƙarara, cokali biyu a kofi ɗaya, ki kaɗa a sha a lokacin. Rabin kilon nan zai baki wajen kofi ɗaya da rabi, in cokali biyu-biyu ake zubawa zai ishi mutum goma har da ɗan saura.